Damben Da Ba A Taɓa Yi Ba

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da cewa Auta ce ta jawo komai, ku yi haƙuri ku karanta wannan tukuna. Ni dai na ga jinyar tsoho da idona, shi ya sa bakina ba ya saurin ɗora mata laifi.

*

Babu kowa a kan gadon.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa, kofin shayi a hannu, ƙaramin tawul ɗin da take goge wa Baba baki yana rataye a kafaɗarta. Ta leƙa banɗaki. Ta leƙa bayan ƙofa, inda yakan tsaya yana kallon bango idan ya manta abin da ya tashi yi. Babu shi. Maganin safe yana nan a murfin kwalba, ko taɓa shi ba a yi ba.

Sai idonta ya kai kan zanin gadon. An yage gefensa, dogayen ƙyallaye biyu, tun daga sama har ƙasa. Ita kuwa ta san wannan yagar. Tun tana 'yar mitsitsiya take ganin yadda ake naɗe hannun ɗan dambe kafin a zura masa safar dambe.

Kofin ya suɓuce ya fashe a ƙasa.

Baba ne fa. Guduma, wanda ya riƙe kambun ƙasa na ajin masu nauyi har aka gaji da kawo masa abokan karawa. Yanzu ciwon mantuwa ya cinye shi, ita da ta baro aikinta ta dawo jinyarsa ma "baiwar Allah" yake ce mata. Kuma likita ya gaya musu ba a ɓoye ba: akwai wata jijiya da ta kumbura a cikin kansa, ko da ƙofa ya bugi kansa da ƙarfi tana iya fashewa.

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Silifas ɗin banɗaki ta zura ta fita a guje.

Shagon askin Yayanta yana ƙarshen layi. Tun daga nesa ta jiyo musun ya kaure, musun nan dai na wa zai ci da an haɗa Guduma da Walƙiya, wanda ake yi a shagon tun kafin a sa masa fanka.

"Guduma yana kan ganiyarsa?" Muryar Direba ce, wanda ya fi zaman shagon a kan zaman motarsa. "Turmi uku ma ya yi yawa! Mutumin da zai shige ƙarƙashin hannunka ya sauke maka hagu a haƙarƙari, ka nemi numfashinka ka rasa?"

"Ai sai ya iso tukuna," in ji Ticha daga kan kujerar aski, rabin kansa a aske. "Hannun Walƙiya ya fi nasa tsawo nesa ba kusa ba. Ga ƙafa. Guduma tafiya yake yi a fili, Walƙiya kuwa rawa yake."

"Rawa! Da su wa ya yi rawar? Lokacinsa duk 'yan damben sun koma 'yan kwalliya. Wa ya taɓa gwada haɓarsa?"

"Bijimi ya gwada ta. Ya kai Walƙiya ƙasa, shi kuma ya tashi ya gama da shi."

"Wane Bijimin? Wanda Guduma ya cinye naman ya bar masa ƙashi? Kai Ticha, ka ji tsoron Allah. Da Guduma bai ajiye safa ba, da yaron nan ko ƙanshin kambu ba zai ji ba. A zamanin Guduma turmin ya fi yawa, safar ta fi siranta, alƙali ba ya tsayar da wasa don ya ga jini a hanci."

"Shi ya sa ai duk suka ƙare ba sa gane 'ya'yan..."

Ticha ya hango ta a madubi. Ya katse maganar.

"Yaya, ina Baba?"

Yaya ya kashe injin aski. "Ba yana gida ba?"

"Da yana gida zan zo ina tambayarka? Ya yage zanin gado, Yaya. Ya naɗe hannu."

Yaya ya yi wuƙi-wuƙi da ido, ya kalli Direba, irin kallon nan na "rufa min asiri". Amma Direba ba mutum ne da ake yi wa magana da ido ba.

"Au, to ai yau ce ko?" ya ce. "Asabar ɗin da Baba ya faɗa a bidiyo."

Auta ta juya a hankali. "Wane bidiyo?"

Ta fizge wayar daga hannun Direba. Ba ta ma sha wahalar nema ba, a buɗe yake. Ga tsakar gidansu, ga igiyar shanyarta. Ga Yaya riƙe da filo a ƙirji, Baba yana zuba masa hagu, dum, dum, dum. An yanke inda ya yi tangaɗi, an yanke inda yawu ya zubo masa. Sai fuskarsa kawai ta cika wayar yana cewa, "Ku gaya wa yaron nan, Asabar ina jiransa."

Ta ɗago ta kalli Yaya.

"Ka sa ubanmu a waya."

"Auta, tsaya ki ji..."

"Ka sa shi a waya duniya ta gani!"

"To wa ya fara?" Shi ma ya ɗaga murya, don mai laifi idan aka ƙure shi ihu yake yi. "Ni na ce masa an sa ranar dambensa da Walƙiya? Ba ke ba ce?"

Ita ce. Wannan kam babu musu. Lokacin da Baba ya juya fuska bango ya daina cin abinci, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, babu irin lallashin da ba ta yi ba. Wata rana musun shagon nan ya biyo iska ya shigo ta taga, ta ga kunnensa ya motsa da aka ambaci Walƙiya. Shi ne ta ce, "Baba, ka ci mana, an fa sa ranar karawarku." Ya tashi zaune ya cinye kwanon tas. Tun daga ranar yake shan magani, yake wanka, yake tsayawa da ƙafarsa.

"Ni na fara," ta ce. "Amma ka san yadda nake yi. Kullum ya tambaya na ce Asabar mai zuwa. Ya kwana ya manta. Na cire kalanda daga bango, na ɓoye rediyo. Asabar ɗina ba ta taɓa zuwa ba, Yaya, don babu mai tuna masa. Kai kuma ka je ka sa duk gari suna tuna masa!"

Ticha ya sunkuyar da kai. "Jiya na gan shi a ƙofar gida," ya ce a hankali. "Na ce masa, Baba sai goben."

"Ni ma na ce," in ji Direba. "Wallahi wasa na ɗauka."

Auta ta dafe kai da hannu biyu.

"Me ya kai ka?" ta tambayi Yaya. Wannan karon ba ihu ta yi ba.

Ya ajiye injin. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Yaran layin nan kin san me suke ce masa? Tsoho mai wando a juye. A gabana, ina aske musu kai. Mutumin da idan ya fito fili ake rufe kasuwa. Na so su gani ne kawai, Auta. Na so su san waye ubana."

Tausayinsa ya so ya kama ta, amma babu lokacin tausayi.

"Shi Walƙiyan ya gani?"

Ticha ya miƙo tasa wayar kamar mai miƙa wuta. Wani dogon dattijo ne, kafaɗa kamar ƙofar gareji, da baƙin tabarau a fuska. Kalma biyu kawai ya faɗa: "Na amsa."

"Cika baki ne irin na 'yan dambe," Yaya ya yi saurin cewa. "Kuma Baba ina zai san gidansa? Mutumin da ke ɓata tsakanin ɗaki da banɗaki?"

Ya faɗa, sai kuma fuskarsa ta canja. Auta ta gani.

"Faɗi."

"Idan na fita da shi tattaki da safe... ta layinsu muke bi. Nakan nuna masa gidan na ce ga gidan abokin karawarka nan. Don ya ƙara sauri ne. Idan na faɗa har ɗan gudu yake yi."

Kai ya manta, amma ƙafa ba ta mantawa. Duk wanda ya yi jinyar mai irin ciwon nan ya san haka, kuma Yaya ma ya sani.

"Tayar da babur," ta ce.

Suka bar Ticha da rabin aski. Shi da Direba suka faɗa mota suka biyo su, wai za su taimaka da nema, amma Auta tana waiwayawa ta ga kowannensu da waya a kunne.

A bakin get ɗin gidan suka ci karo da matar Walƙiya. Dattijuwa ce mai jiki, ita ke ba da hayar kujerun roba da rumfuna. Tana fitowa tana ɗingisawa, ɗankwali a hannu ba ta ma ɗaura ba.

Auta ta diro tun babur bai gama tsayawa ba, ta zube a gabanta ta kama gefen zaninta.

"Mama, don Allah, don darajar iyayenki. Ni 'yar Guduma ce. Ki roƙar min maigidanki kar ya taɓa shi. Ubana ba shi da lafiya, duk abin da aka gani a waya ƙarya ne, ni na ƙirƙira don ya ci abinci. Idan yana so a ce shi ya fi, wallahi zan fito a waya na faɗa da bakina. Walƙiya ya fi Guduma, a da, a yanzu, ko yaushe. Zan faɗa!"

Matar ta tsaya tana kallonta. Sai ta dafa get ɗin kamar jiri ya ɗebe ta.

"Ke ma?" ta ce.

"Ni ma me, Mama?"

"Tashi, 'yata. Tashi, kar ki sa ni kuka a titi." Ta ɗago ta. "Kin ga tabaran nan da yake sawa? Ba gayu ba ne. Ido ɗaya ya mutu tun tuni. Ɗayan inuwa kawai yake gani, ba ya rabe fuska. Dukan da ya sha ne ya biyo shi. Muka ɓoye, don ya ce gara ya mutu da a ja shi da sanda a garin nan. Ya shige ɗaki ya rufe. Ba fita, ba magana, sai na yi kuka yake cin loma biyu."

Yaya ya sauke ƙafar babur a hankali.

"Da bidiyonku ya zo, na kunna masa. Bai ga komai ba, sauti kawai ya ji. Ya ce a sake. Aka sake. Sai na ji ya yi dariya, ya ce, har yanzu hagun nan tana nan. Washegari na tashi na tarar da shi yana tsallen igiya a tsakar gida." Ta share ido da ɗankwalin. "Me kike so na yi? Na ce masa wasan yara ne? Ni na ɗauke shi bidiyon amsar. Ni na sa masa ƙararrawar turmi a waya yana motsa jiki da ita. Na ce a raina, ai babu inda za ta kai."

"Baba ya zo nan?"

"Ya zo. Ya yi sallama da ladabinsa, hannu a naɗe da ƙyalle. Na ga tsoho ne, na ga ya rame, hankalina ya kwanta. Na sa su a falo. Ina jin su daga kicin."

"Me suka ce?"

"Babanki ya ce, yaro, an ce ka ce da mun haɗu da ka kayar da ni. Maigidana ya ce, ni ban faɗa ba, mutane ne suka faɗa. Babanki ya ce, to kai me ka ce? Ya ce, na ce ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni jin daɗin kambun tun ranar da aka ɗaura min shi. Ko'ina na shiga sai a ce don Guduma ya ajiye ne. Sai babanki ya ce, ni ma ko'ina na shiga sai a ce na ajiye ne don na hango ka."

Auta ba ta taɓa jin wannan ba. A gidansu ba a taɓa cewa wani abu ya dami Guduma ba.

"Na ɗora ruwan shayi, na fito babu kowa. Maƙwabciyata ta ce ta gan su sun bi titi riƙe da hannun juna. Babanki yana duba motoci, maigidana yana faɗar hanya." Ta nuna cikin gida. "Mukullin sito ba ya jikin ƙusa."

"Wane sito?" in ji Yaya.

"Tsohon gidan horon damben. Da aka rufe shi muka karɓa nake zuba kujeru. Filin yana nan a tsakiya da igiyoyinsa, ya hana a kwance. Safofin ma suna nan."

"Mama," Auta ta riƙe hannunta gam. "Ya san ubana ba shi da lafiya?"

"Ta ina zai sani? Murya ya ji, muryar kuwa ta Guduma ce."

"Akwai jijiya a kansa. Likita ya ce duka ɗaya. Ɗaya tak, Mama."

Matar ta saki salati. "Maigidana kuwa ido ne kawai ya tafi, hannun bai tsufa ba. Satin nan ya fasa buhun yashi."

Auta ba ta san lokacin da ta koma kan babur ba. Ta dai ji Yaya yana ce wa Direba ya ɗauko Mama a mota, ta ji iska tana dukan fuskarta, ta ji bakinta yana addu'ar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ya Allah ko mukullin ya ƙi buɗewa. Ya Allah ko ya manta abin da ya kai shi. Yau ita ce ke roƙon ciwon mantuwa ya dawo wa ubanta, ciwon da ta sha kwana tana tsine wa.

Tun daga kwanar suka ga mutane. Wasu sun biyo tsofaffin tun daga titi, wasu wayar su Ticha ce ta kira su. Masu babur, 'yan kasuwa da awo a hannu, wani ma da kumfar wankin mota a damtse. Sun yi dafifi a jikin tagogin, masu tsawo suna ba gajeru labari.

"Guduma! Guduma!"

"Walƙiya! Sai kai!"

Ƙofar ƙarfe ce, an sa sakata ta ciki. Yaya ya dake ta da kafaɗa, ta mayar da shi baya. Ya ɗauki dutse ya hau bugu yana kiran Baba, amma ihun mutane ya shanye ƙarar.

"Nemo mai walda!" Auta ta ce masa. "Nemo guduma, nemo komai!"

Ita kuma ta kutsa cikin maza. Ta ture wannan, ta taka ƙafar wancan. Wani ya juyo zai zage ta, wani ya ce, "Kai, 'yarsa ce," aka ɗan buɗa mata. Ta kama ƙarafan tagar da hannu biyu. Gilashin ya daɗe da fashewa.

Kujerun roba ne jibge har rufi, ja da fari, ƙura ta lulluɓe su. A tsakiyarsu ga filin, igiyoyin sun saki sun yi ciki. A can kusurwar nesa Walƙiya ne ya juya baya, ya cire riga da tabarau, yana ɗan tsalle yana kaɗa wuya. Wayarsa tana kan wata kujera a gefe.

A kusurwar da ke dab da tagar kuwa, ga Baba. Singileti ta yi masa yawa, ƙafafun nan kamar sandar tsintsiya. Jajayen safofi a hannu, ƙyallen zanin gadonta mai furanni yana leƙowa ta wuyan hannun.

"Baba!"

Bai ji ba.

"Baba! Baba, don Allah!"

Ya juyo. Ta shirya jin abin da ta saba ji, "Lafiya, baiwar Allah?" Ya ƙura mata ido. Sai ta ga wani abu da ta manta kamanninsa, ta ga mutum a cikin idon.

"Auta," ya ce. "Kin makara."

Rabon da sunan nan ya fito daga bakinsa har ta daina sa rai.

"Baba... ka gane ni?"

"Yo ni na haife ki, ba zan gane ki ba? Dubi yadda kika fito da silifas ɗin banɗaki. Ina Yayanki? Har yanzu yana yi wa mutane aski a karkace?"

Dariya da kuka suka haɗe mata wuri guda. Ta zura hannu ta cikin ƙarfen, ya matso jikin igiya, ta taɓa safar.

"Baba, fito mu tafi gida. Ƙarya na yi maka. Babu wanda ya sa rana, babu kambu, babu komai. Ni ce na faɗa don ka ci abinci."

"To ai na ci."

"Likita ya ce kanka..."

"Na san abin da ya ce. Ina zaune ya faɗa, ya ɗauka kujera ce a wurin." Ya kalli hannunsa, ya kalli filin. "Auta, yau na tashi na san sunana. Na san hanya, na san hagu da dama. Gobe ban san wa zai tashi a gadon nan ba. Ki bar ni na yi abin da na iya tun ina ni."

"Ni fa? Idan ka faɗi ni fa, Baba?"

Idonsa ya sauka a kafaɗarta, ya yi murmushi.

"Ga shi har kin zo da tawul. To ke ce kusurwata yau. Riƙe shi da kyau. Amma ki ji ni, ban taɓa yin damben da aka jefa min tawul ba. Kar ki fara."

Sai a lokacin ta tuna da shi. Tun safe yake kafaɗarta.

Ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Baba Walƙiya! Ba shi da lafiya! Kar ka dake shi a kai! Baba Walƙiya!"

Maƙogwaronta har zafi yake, amma ita kanta da ƙyar take jin muryarta. Mutum sama da ɗari suna buga kwanon rufi da ƙarafan taga. Ta juya ta roƙi na kusa da ita su yi shiru, su taya ta faɗa. Wani ya ce, "Haba ƙanwata, wasa ne fa za su yi, tsofaffi ne." Idonsa ko barin tagar bai yi ba. Waɗannan mutanen tun suna samari suke musun nan, yau ga amsa a gabansu, babu wanda zai rufe baki.

Wayar da ke kan kujera ta yi ƙara. Ƙararrawa.

Baba ya juya mata baya.

Walƙiya ya fito tsakiya, kansa a ɗan karkace, yana bin sautin ƙafa. Ya miƙa doguwar hagun nan tasa sau ɗaya, sau biyu, yana auna inuwar da ke gabansa. Iskar naushin har tagar ana jin ta.

Baba ya sunkuya.

Auta ta taɓa ganin wannan sunkuyon, tana kan wuyan mahaifiyarta a cikin taro. Kafaɗa ta yi ƙasa, kai ya shige ƙarƙashin hannu, ƙafar dama ta ja gaba. Tsohon da take ɗaura wa maɓallin riga ya ɓace. Hagu ta tashi daga ƙugu ta sauka a haƙarƙarin Walƙiya, tim!

Wurin ya ɗauka kamar rufin zai yaye.

"Na faɗa muku!" Muryar Direba ce daga baya, sun iso ke nan. "Shekara nawa ina faɗa muku!"

Allah ya sani, na ɗan lokacin nan ita ma ƙirjinta ya cika. Ubanta ne wannan.

Walƙiya ya ja da baya taku ɗaya yana riƙe numfashi. Sai ya yi murmushi, murmushin mutumin da aka ba shi abin da ya daɗe yana nema. Yanzu ya san daidai inda abokin karawarsa yake. Ya gyara tsayuwa, ya mayar da nauyinsa kan ƙafar baya, kafaɗar dama ta ja.

Auta ta san me ke zuwa. Duk garin ya sani, da wannan hannun ya kwantar da Bijimi.

Ta fizgo tawul ɗin, ta dunƙule, ta zura hannu ta cikin ƙarfen har kafaɗa, ta wurga.

"Ka yafe min, Baba!"

Ya tashi sama ya buɗe, ya sauka a tsakiyar filin, tsakanin ƙafafunsu.

Baba ya gani. Ɗan dambe ne tun kafin a haife ta, kuma a wurin ɗan dambe idan tawul ya faɗo an gama, ko ransa yana so ko ba ya so. Ya miƙe daga sunkuyon. Ya sauke hannuwansa duka biyu. Ya juyo da fuskarsa wajen tagar yana kallonta, haɓarsa a buɗe.

Wani hannu ya damƙi kafaɗarta ta baya. Mama ce, tana haki, idonta a kan filin.

"Wayyo 'yata, me kika yi? Ba ya ganin tawul!"

Hannun daman Walƙiya ya riga ya taso.